Kunne Ya Girmi Kwamfuta: Tarihin Sauraron Kukan Injin Mota

Idan aka tayar da mota aka bar ta tana silo, karanshaf ɗinta kan juya sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. A wannan lokaci babu ƙarar taya a kan kwalta, babu hucin iska, saboda haka duk abin da gudu ke ɓoyewa sai ya fito fili. Cikin ire-iren kukan da kan fito daga ƙarƙashin bonet, babu mai faɗar da gaba kamar ƙarar gurza, wadda ke kama da ana niƙa tsakuwa a dutsen niƙa. Ma'anarta ɗaya ce: ƙarafa biyu da aka ƙera don kada su taɓa juna sun fara cin juna.

Wahalar tana wajen gane ko waɗanne ne. Abubuwan da ke juyawa a wurin suna da yawa, kuma kuɗin gyaransu ya yi hannun riga. Wani boris ne ɗan ƙarami da ake canzawa kafin la'asar, wani kuwa sai an sauke injin gaba ɗaya. Sau da yawa in an jona na'urar bincike a jikin motar, sai ta ce lafiya lau. Daga nan bakanike kan ɗauko dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a jikin ƙarfe, ya kara ƙotar a kunne. Wannan dabara tana da tarihin da ya girmi mota kanta, kuma sanin tarihin yana bayyana dalilin da ya sa har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta ba.

Daga ganga zuwa ƙirji

Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa tulu a kasuwa don ya ji ko ya tsage ya san asalin wannan ilimi. Abu lafiyayye da muryarsa, mai aibu ma da tasa. Masanin Ingila Robert Hooke, wanda ya rasu a 1703, ya yi hasashen cewa wata rana za a iya gane abin da ke gudana a cikin jikin mutum ko na'ura ta hanyar sauti, kamar yadda ake jin motsin cikin agogo. Likitoci ne suka fara tabbatar da hasashen.

A 1761 wani likita a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya wallafa ɗan littafi a kan ƙwanƙwasa ƙirjin majinyaci da yatsa don gane ko ruwa ya taru a huhu. Mahaifinsa mai masauki ne, kuma labarin da ya shahara shi ne a wurinsa ya ga yadda ake bubbuga gangar ruwan inabi don a san inda ruwan ya tsaya. Takwarorinsa ba su kula da littafin ba, sai da Corvisart, likitan Napoleon, ya fassara shi zuwa Faransanci a 1808.

A 1816 kuma, a asibitin Necker da ke Paris, René Laennec ya naɗe takarda ya mai da ita kamar bututu, ya ɗora a ƙirjin wata majinyaciya, sai ya ji bugun zuciyarta tangaran fiye da yadda kunne tsirara zai ji. Daga baya ya sassaƙa bututun da katako, ya kuma wallafa littafinsa a 1819. Muhimmancin aikin Laennec ya wuce bututun. Ya riƙa sauraron marasa lafiya, ya rubuta irin sautin da ya ji, in majinyaci ya rasu ya buɗe gawar ya ga abin da ya haifar da sautin. Da haka ya haɗa kowace murya da cutarta. Wannan hanya ita ce kowane yaron gareji ke bi ba tare da ya san sunan Laennec ba: ya ji kuka, ya ga ogansa ya kwance abin da ke kukan, ya ga inda ya cinye, ya riƙe a ka.

Masu ƙwanƙwasa ƙafar jirgi

Jirgin ƙasa ne ya fara mai da sauraron ƙarfe batun rai da mutuwa. Ranar 8 ga Mayu 1842, gatarin ƙafafun wani kan jirgi ya karye a hanyar Versailles zuwa Paris, taragu suka hau juna suka kama da wuta, mutane aƙalla 55 suka hallaka. A jajibirin Kirsimetin 1874, kewayen ƙafar wani tarago ya fashe a Shipton-on-Cherwell kusa da Oxford, mutane 34 suka mutu. Irin waɗannan haɗurra suka sa injiniyoyi, musamman August Wöhler na Jamus, suka gano cewa ƙarfe yana gajiya. Nauyin da ba zai karya shi a karo ɗaya ba yana iya karya shi in an maimaita sau miliyoyi.

Kamfanonin jiragen ƙasa sun ɗauki ma'aikata na musamman da ke bin jirgi in ya tsaya a tasha, riƙe da guduma mai doguwar ƙota. Su bugi kowace ƙafa su saurara. Lafiyayya kan yi amo kamar ƙararrawa, mai tsagewa kuwa muryarta a dushe take. Sukan kuma kai bayan hannu jikin akwatin gatari don su ji ko ya ɗauki zafi. Zafi da ƙara su ne shaidu biyu na boris mai mutuwa, kuma har yau su ake nema, sai dai yanzu na'urori ne a gefen layin dogo ke auna zafin, wasu kuma na sauraron sautin. Duk da haka, boris ɗin da ya yi zafi ya lalace shi ne ya kifar da jirgin dakon sinadarai a East Palestine ta jihar Ohio ranar 3 ga Fabrairu 2023.

Ƙwallon da duniya ke juyawa a kai

Galibin ƙarar gurza da ake ji a silo daga boris take fitowa, don haka sai an san shi kafin a fahimci kukansa. Tsarinsa mai sauƙi ne: zobe biyu, na ciki da na waje, da ƙwallayen ƙarfe a tsakaninsu, da keji mai hana ƙwallayen gogar juna, da giris, da marfin roba mai tsare giris ɗin. Philip Vaughan na Wales ya yi rajistar irin wannan dabara a 1794. A 1869 Jules Suriray ya yi rajistar tasa a Paris, aka sa ta a keken da James Moore ya ci tseren Paris zuwa Rouen da shi a wannan shekarar.

Matsalar zamanin ita ce samun ƙwallaye masu girma ɗaya. In ɗaya ya ɗara sauran ko da kaɗan, shi kaɗai zai ɗauki nauyin, ya fashe. Friedrich Fischer na garin Schweinfurt ya warware wannan a 1883 da injin da ke goge ƙwallaye da yawa a lokaci guda su fito daidai wa daida. Henry Timken ya yi rajistar boris mai gangara a Amurka a 1898. A 1907 Sven Wingqvist, injiniya a wata masaƙa a Göteborg ta Suwidin, ya ƙirƙiro boris mai daidaita kansa, aka kafa kamfanin SKF a kansa. Sunan Volvo ma, wanda a Latin ke nufin mirginawa, tambarin boris ne na SKF kafin ya zama sunan mota a 1927.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna matsayin wannan ɗan ƙarfe. Amurka ta lissafa cewa in ta rushe masana'antun boris na Schweinfurt, tankoki da jiragen Jamus za su tsaya. Ta kai hari ranar 17 ga Agusta 1943, ta sake kaiwa ranar 14 ga Oktoba. A hari na biyu kaɗai, jirage 60 cikin 291 ba su koma gida ba.

A fagen ilimi kuwa, Arvid Palmgren na SKF ya fara lissafin tsawon ran boris a 1924, sannan shi da Gustaf Lundberg suka kammala ƙa'idar a 1947. Abin da suka gano ya shafi kowane mai mota. Ran boris mai ƙwallo yana raguwa ƙwarai in nauyin da aka ɗora masa ya ƙaru, wato in an ninka nauyin sau biyu, ransa zai koma kashi ɗaya cikin takwas. Bel ɗin da aka ɗaure tamau fiye da kima don a hana shi kuka yana cinye ran boris ɗin altaneta da na famfon ruwa ta wannan lissafi.

Ƙwallo da zobe ba sa haɗuwa kai tsaye in komai na lafiya. Akwai shimfiɗar mai a tsakaninsu wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Da zarar marfin roba ya tsufa, giris ya bushe, ko ruwa ya shiga, ko ƙura ta kutsa, shimfiɗar ta yanke. Ƙurar yashi ta fi ƙarfen boris tauri, sai ta riƙa karce shi. Daga nan fuskar zoben ta fara ɓamɓarewa, kowane ƙwallo da ya bi ta kan ramin ya yi ɗan tsalle. Altaneta na juyawa ninki biyu zuwa uku na gudun injin, wato kimanin sau 2,000 a minti ko da a silo. Dubban ƙananan tsalle-tsalle a minti ɗaya su kunne ke tarawa ya ji su a matsayin gurza.

Yadda bonet ya cika

Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, ba ta da abubuwan zargi da yawa. Galibinsu ba su da famfon ruwa, domin ruwan zafi da kansa yake tashi ya zagaya lagireto. Bel ɗinta fanka kawai yake juyawa, kuma sai a 1919 aka fara sa mata kik na lantarki. In ta yi kuka, wuraren dubawa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Kowane jin daɗi da aka ƙara wa mota ya zo da nasa boris. Charles Kettering ya sa wa Cadillac kik na lantarki a 1912. John Gates ya fito da bel mai siffar V a 1917. Packard ta fara sayar da mota mai na'urar sanyaya ɗaki a 1939. Chrysler ta kawo sitiyari mai taimakon mai a 1951, sannan a 1960 ta sa altaneta a motarta Valiant a madadin tsohon dinamo. Zuwa shekarun 1970 gaban injin ya cika da bel uku ko huɗu. A 1979 Ford Mustang ta fito da bel ɗaya tilo mai faɗi wanda ke lanƙwasa kamar maciji ya bi ta kan kowane fuli, tare da abin ɗame shi da fulin rakiya, kowanne da nasa boris.

Wannan tsari ya rage nauyi da wahalar gyara, amma ya ɗaure kowa da igiya ɗaya. In boris ɗin fuli ɗaya ya cije, bel ya tsinke ko ya zame, to batir ya daina caji, sitiyari ya yi tauri, kuma a motocin da bel ɗin ke juya famfon ruwa injin zai ɗau zafi cikin mintuna kaɗan. A wasu motocin kuma bel ɗin taimin ne ke juya famfon ruwa. In famfon ya cije ya tsinke shi, a injina da yawa fistin kan daki bawul, gyaran da ake gudu ya ninka sau da yawa.

Gani ya kori ji

Masanin tarihin fasaha Stefan Krebs ya bi diddigin littattafan koyon tuƙi da mujallun kanikawa na Jamus, ya nuna yadda matsayin kunne ya sauya. A shekarun 1920 ana koya wa mai mota ya saurari injinsa ya gane cutarsa da kansa. Sai motoci suka rufe. A Amurka kashi 10 cikin ɗari ne kawai na motocin 1919 ke da rufaffen jiki, amma zuwa 1927 sun kai kashi 85. Direba ya koma cikin ɗaki, injin ya koma bayan bango. Sannu a hankali shawarar da ake ba shi ta zama in ya ji baƙon kuka ya kai wa masu sana'a. Kunne ya zama jarin bakanike.

Daga shekarun 1950 kamfanoni suka fara cika gareji da agogunan awo, suna cewa allura ba ta ƙarya, kunne kuwa ra'ayin mai shi ne. Krebs ya nuna kanikawan Jamus sun daɗe suna turjiya, domin abin ya taɓa martabarsu. Abin da ya yanke hukunci daga ƙarshe dokar hayaƙi ce. Jihar Kalifoniya ta wajabta wa sababbin motoci na'urar binciken kai daga 1988. Daga 1996 kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka dole ta zo da tsarin OBD-II, mai soket ɗaya na ƙafa 16 da lambobin cuta iri ɗaya. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur.

Sai dai an gina tsarin ne don tsaron iskar da mutane ke shaƙa. Yana lura da cakuɗar mai da iska, da tartsatsin fulogi, da abin da ke fita ta salansa. Kwamfutar mota ba ta san komai ba sai abin da wayoyinta suka kawo mata, kuma babu wayar da ke zuwa daga boris ɗin fuli. Kunne ɗaya aka ba ta, wato ɗan na'urar da ke manne a jikin injin tana sauraron ƙwanƙwasar fetur in ya fashe ba a kan kari ba, kuma an tace ta don kada ta kula da sauran sautuka. Shi ya sa boris zai yi wata guda yana kururuwa fitilar gargaɗi ba ta kama ba. Ranar da za ta kama, ta batir ko ta zafi, aikin gama ya gama.

Abin da ya rage a hannun bakanike

Hanyar da ƙwararru ke bi a yau gadon wannan tarihi ce, kuma tushenta rage abin zargi ɗaya bayan ɗaya. Ana farawa da tambaya, kamar yadda likita ke yi. Da sanyin safiya kukan ke zuwa ko sai injin ya yi zafi? Yana ƙaruwa in an taka totur? Daga nan sai a sauya wa injin kaya a ji abin da zai faru. In kunna esi ya kawo kukan, zargi ya koma kan kwamfuresa. In kuwa kunnawar ce ta ɗauke shi, boris ɗin fulinta ne, domin shi ke aiki sa'ad da take a kashe. In murɗa sitiyari ya ƙara shi, a duba famfon sitiyari da mansa. A mota mai kulochi, kukan da ke zuwa in an taka feda na boris ɗin kulochi ne, wanda ke ɓacewa in an taka kuwa daga cikin akwatin giya yake. In ya fara ne daga tayar da mota bai tsaya ba, wataƙila haƙorin kik ne ya maƙale a jikin filawil.

Sai a zo ga bututun Laennec. Ƙarfe ya fi iska kai sauti nesa ba kusa ba, kuma a cikin bonet sauti kan yi ta karo da bango har a rasa inda ya fito. Sanda ko sukudireba na ɗauko muryar wuri ɗaya kawai. Ana ɗora shi a jikin abin da ba ya juyawa, kamar gangar altaneta ko kan ƙusar fuli, a kwatanta wuri da wuri. Wannan mataki na da haɗari. Hannun babbar riga, da bakin rawani, da carbi ko igiyar wuya, duk bel na iya fizgarsu, kuma fankar lantarki kan tashi da kanta ba sallama.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne cire bel. A kashe injin, a bar shi ya huce, a cire bel ɗin, a tayar na ƙasa da minti ɗaya. In kukan ya ɗauke, mai laifin na cikin abubuwan da bel ke juyawa. Sai a kashe, a juya kowane fuli da hannu. Lafiyayye kan juya sumul da ɗan nauyin giris. Wanda ya mutu kan yi gargada kamar da yashi a ciki, ko ya yi ta girgiɗi, ko ya yi ta juyawa fayau da ƙara saboda ya bushe. Famfon ruwa kan bar shaidar ɗigo a ƙasansa. In kuwa an cire bel kukan na nan, to daga ciki yake: sarƙar taimin da abin ɗame ta, ko famfon mai, ko farantin da ke haɗa injin da giya. A nan sai a duba baƙin mai. In yana ƙyalli da garin ƙarfe, ko fitilar mai ta kama, ba a sake tayar da motar sai an buɗe ta.

Inda kunne ya fi daraja

A ƙasar Hausa wannan ilimi ya daɗe da samun gindin zama. Tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, ƙirar 504 ta zama makarantar kanikawa masu yawa, mota ce da ake gane kusan duk cutarta da kunne da hannu. Yau galibin motocin da ke kan titi na hannu ne, sun ci dubban kilomita a Turai ko Amurka kafin su iso, wato boris ɗinsu sun riga sun ci rabin ransu. Suna isowa kuma su tarar da zafin bazara mai narkar da giris, da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Wasu halaye na ƙara ta'azzara lamarin. Zuba ruwan rijiya tsura a lagireto na kawo tsatsa ya cinye marfin famfon ruwa, wanke injin da ruwa mai ƙarfi kuma na tura danshi cikin boris.

Na'urar bincike ta shigo garejin Kano da Zariya da Maraɗi, kuma ta zo da alheri, domin motar zamani ba ta gyaruwa ba tare da ita ba. Haɗarin shi ne yaran da ke tasowa su ɗauka abin da allo bai nuna ba babu shi. Manyan masana'antu ba su yi wannan kuskure ba. Tun bayan da Cooley da Tukey suka wallafa hanyar lissafinsu ta rarrabe sauti a 1965, aka ƙera na'urorin da ke jin girgizar boris su faɗi ko zoben ciki ne ya lalace ko na waje, tun kafin kunnen mutum ya ji komai. Sauraro ne dai irin na Laennec, aka ƙara masa lissafi. Ƙaramar mota ba ta samu wannan gata a kowane fuli ba saboda tsada, don haka aikin ya rage a wuyan mai ita da bakanikensa.

Boris ba kasafai yake mutuwar fuju'a ba. Yakan fara da ɗan shuu, ya koma gurnani, ya koma gurza, kafin ya cije. Tsakanin kukan farko da cijewa akwai kwanaki, wani lokaci makonni, kuma a cikinsu ne ake zaɓar ko a canza fuli ɗaya a gareji, ko a nemi injin a gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja da tsakar dare.